Tauraro Ɗaya a Gidan Mangwaro

Yantala, Yamai
3 ga Afrilu

Zuwa ga aminiyata Safiatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina gajiya, yaya zafin Damagaram, yaya kuma gwiwar nan taki? Mu nan Yamai ana ta gasa mu, sai dai godiyar Allah.

Na san za ki ce har yau Halimatou ba ta rabu da biro da takarda ba alhali kowa na da waya. Kunnenki ne ya ja. In na kira ki, rabin hirar "me kika ce?" ne. Hamidu direban bis zai miƙo miki wannan kamar yadda ya saba.

Albishirinki! Kin tuna ɗaki da falon nan da marigayi Malam Nassirou ya gina a bayan gida, wanda na sa a dandalin haya na intanet tun da na bar koyarwa? Baƙo ya kama ta waya, ya zo ya yi kwanakinsa, in ya tafi ya ba ni taurari daga ɗaya zuwa biyar, ni ma in ba shi. Da taurarin nan ake ganin gida. Wanda nasa suka yi ƙasa, sai a tura shi can ƙarshen layi inda ba mai leƙawa. Ni dai tun da na fara biyar nake samu, in ban da wani Bature da ya ba ni huɗu saboda zakaran maƙwabta, sai ka ce ni na koya masa cara.

To shekaranjiya taksi ya sauke mini miji da mata daga Agadas, sun kama mako uku. Ina ganin goshin mijin da yadda yake karkata kai in zai yi magana na ce, "Kai, ba kai ne Abdoulkarim ɗan Safiatou ba?" Ya yi tsaye kamar an dasa shi. Ashe bai san gidana ba ne, don a dandalin "Gidan Mangwaro" aka rubuta, ba sunana ba. Rabona da shi tun yana yaro ɗan lakwal, ɗan makarantar boko. Ya durƙusa ya gaishe ni, matarsa Nafissa ma haka. Yarinya mai kunya, da ƙyar na ji muryarta.

Na ce a bar maganar haya, ya ce an riga an biya ta waya, ba ya janyuwa. Na ce to tukunya dai tawa ce, wannan ba ruwan waya. Jiya na yi musu dambu da kopto.

Amma ke, wace irin aminiya ce? Ɗana zai zo Yamai ki kasa sanar da ni?

Ki gaida Mariyam da mutanen gida duka.

Taki har kullum,
Halimatou

Birni, Damagaram
6 ga Afrilu

Halimatou ƙawata,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, sallah ma a kujera nake yi.

Kika ce ban sanar da ke ba. Ni wa ya sanar da ni? Wallahi a takardarki na ji suna Yamai. Ranar Jumma'a na yi waya da shi, ya ce yana wurin aiki. Kawunsa na nan unguwar Talladjé, cikin Yamai ɗin, da gida ɗaki shida, ya tsallake shi ya je ya kama haya kamar wanda ba shi da kowa. Wannan ba banza ba.

Kin san ba na kama sunansa, ɗan fari ne. Ɗanki dai. Ranar suna a hannunki na sa shi na ce ga naki, tun da Allah bai ba ki ba, kuma har gobe ban janye ba. To Allah ne ya kai miki shi har gida.

Halimatou, shekara shida ke nan da aurensu, shiru. Ko ɓatan wata ban taɓa ji ba. In na yi hannunka mai sanda sai ya ce "Inna, lokaci ne." Ita kuwa in an taɓo zancen sai ta tashi ta shiga wanke-wanke. Ƙannensa mata duk sun cika mini gida da jikoki, amma nasa nake son in goya kafin ƙafar nan ta ajiye ni.

Don zumuncin da ke tsakaninmu, ki sa mini ido. Ina suke zuwa? Me ya kawo su? Ba sai kin tambaye su ba, ba za su faɗa ba. Ke dai gidanki ne, kuma ke uwa ce, ba inda aka hana ki shiga. Duk abin da kika gani ki rubuto mini. Tsakanina da ke ne, kabari kawai zai ji.

Na ba Hamidu kilishi da alkaki, rabi naki rabi nasu. Kada ki ce daga wurina ne.

Allah ya bar mu tare.

Ƙawarki,
Safiatou

Yantala, Yamai
12 ga Afrilu

Safiatou,

Salama da gaisuwa. Kilishi ya iso, na gode, Allah ya saka. Haƙorana dai sun yi ƙara.

Kin sa ni aikin da ban saba ba. Baƙona in na miƙa masa lakile, mabuɗin ɗakinsa, ba na sake taka ɗakinsa sai ya kira ni, ko da wata zai yi. Amma kamar yadda kika ce, wannan ba baƙo ba ne. Da a gidanki suka sauka ai za ki shiga ki gyara musu. Don haka kullum da safe in sun fita, sai in ɗauki lakile na biyu in share, in sauya zanen gado, in sa turaren wuta na Barebari wanda nake ɓoyo don Sallah. Da yamma yaron nan ya ce, "Mama, don Allah kada ki wahalar da kanki." Na ce wahalar me? Kin ba shi tarbiyya, Safiatou, ba laifi.

Yanzu ki zauna da kyau. Ranar Talata na buɗe firigo zan sa musu fura, sai ga ƙananan kwalabe a jere da allurai a leda, da katin wata kilinik ta mata mai sunan Nafissa. Can suke zuwa kowace safiya. Sai na fara lura. Na soya kifin kogi, yarinyar nan ko kallonsa ba ta yi ba, ta rufe hanci da gyale. Da rana barci. In za ta sauka daga taksi, shi yake fara fita ya riƙe mata hannu, kamar ƙwai ya ɗauko.

Ni ban taɓa haihuwa ba, amma na koyar da mata shekara talatin, na san tafiyar mai sabon ciki. In na yi ƙarya Allah ya yafe mini, sai dai ina jin ki fara neman rago.

Wallahi da na koma ɗakina kuka na yi. Kin san abin da na sha a gidan Malam, kin san bakin dangi. Ban so yarinyar nan ta ɗanɗana ko kaɗan daga ciki ba.

Sai dai ki riƙe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tun da sun ɓoye, suna da dalili, bari su kawo miki da bakinsu ki yi kamar yau kika fara ji. Ko Mariyam kada ta ji, kin san ƙanwar nan taki, iska ma ta fi ta riƙo.

Wuta na ta ɗaukewa, amma ina tada musu gurup, injin wuta, don kada firigon ya huce.

Taki,
Halimatou

Yantala, Yamai
29 ga Afrilu

Safiatou,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri, yau gaisuwata gajera ce.

Sun tafi tun Larabar makon jiya, kwana biyu kafin lokacinsu. Nafissa ta shige mota fuska a rufe, na ɗauka laulayi ne. Shi kuwa ya zo ya durƙusa har ƙasa. Na ce, "Ɗana, ba abin da ya dame ku a gidan nan?" Ya ce, "Babu komai, Mama, sai godiya." Na ce a yafi juna, ya ce a yafi juna. Na sa musu albarka, na bi su da kwandon mangwaro.

A dandalin nan, ba ka ganin abin da baƙo ya rubuta sai kai ma ka rubuta naka, sannan a buɗe duka biyun lokaci guda. Na zauna na rubuta nawa da zuciya ɗaya. Taurari biyar. Na ce baƙi ne masu tsabta da mutunci, duk wanda ya same su ya yi sa'a. Akwai zanen gadona guda, fari mai bakin shuɗi, da na nema na rasa bayan tafiyarsu, ban ko ambata ba. Wa ke tona asirin ɗansa a kasuwa?

Ina aikawa nasa ya buɗe. Tauraro ɗaya, Safiatou. Da Faransanci ya rubuta, ga shi da Hausa: "Mai gidan tana da lakile na biyu, tana shiga ɗaki in baƙo ya fita. Abin da ta gani a ciki ba ya kwana a bakinta. Duk mai abin da yake son ya sirranta, kada ya sauka a nan."

Kuma ba nan ya tsaya ba. Tsabta, ɗaya. Tarbar baƙo, ɗaya. Har unguwa ɗaya ya ba ta, kamar ni na zana Yantala. Ɗakin da nake gogewa a durƙushe da wannan bayan nawa!

Kin san yadda baƙi suka yi ƙaranci a garin nan 'yan shekarun nan. Mai sharhi ɗari, guda ɗaya ba ya kada shi. Ni nawa ba su da yawa, wannan kuma shi ne a sama, shi kowa zai fara gani. Wata malamar jami'a da ta kama watan gobe ta janye. Wasu ma'aikatan lafiya biyu ma sun janye. An cire mini alamar amintacciyar mai masauki. Na rubuta wa masu dandalin, aka ba ni amsa kafin in ajiye wayar, da gani na'ura ce: wai sharhin bai saɓa ƙa'ida ba, abin da baƙo ya ji ne, kuma wanda ya rubuta kaɗai ke da ikon cirewa. Ni dai an ba ni wurin da zan mayar da martani a ƙasa, duniya ta karanta.

Ɗakin nan shi ne tukunyata, shi ne kuma abokin hirata tun da Malam ya rasu. Amma ba wannan ya fi ƙona ni ba. Ya kalli idona ya ce babu komai. Ya karɓi albarkata da hannu biyu, ya je ya yanka ni ta baya. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya. "Ba ya kwana a bakinta." Mutum ɗaya na gaya wa a duniyar nan. Safiatou, wa kika gaya wa?

Ina jiran amsa da bis ɗin jibi.

Halimatou

Birni, Damagaram
2 ga Mayu

Ƙawata Halimatou,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Innalillahi. Na karanta takardarki na yi ta salati. Yaran zamani ke nan, ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba. Boko ya yi masa yawa. Ki yi haƙuri, ki ɗauka ƙuruciya ce.

Kika ce wa na gaya wa. Ni ban gaya wa kowa ba. Mariyam ce ta shigo ta tarar ina murmushi ni kaɗai, ta matsa. Ita kuma ai ba bare ba ce. Abin farin ciki ne, ba sata aka yi ba. In ita ta gaya wa wani, wannan tsakaninta da Allah.

Amma Halimatou, ki sassauta. Taurari fa? Taurarin waya? Ba a ci, ba a sha, ba a kai su kabari. Arzikinki yana hannun Allah, ba hannun ɗanki ba. Gobe wani baƙo zai zo ya ba ki biyar ɗinki, a manta.

Roƙo ɗaya nake miki: kada ki rubuta masa, kada ki kira shi. Yanzu yana cikin zafi, in kuka haɗu za a yi ɓatacciya. Ki bar ni da shi, ni na haife shi, na san inda zan kama. In ya huce zan sa shi ya goge, ya zo har gida ya ba ki haƙuri.

Ga man shanu nan na ba Hamidu.

Allah ya huci zuciyarki.

Safiatou

Yantala, Yamai
15 ga Mayu

Zuwa ga Abdoulkarim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa Agadas lafiya, kai da iyalinka. Da hannuna na rubuta wannan, na ɗauki hotonta na turo maka ta waya, don ka ga ba wani ya tsara mini ba.

Mahaifiyarka ta ce in bar ta da kai. Na jira mako biyu ban ji komai ba, ɗakin kuma yana nan a rufe, ko tambaya ba mai yi. Ni malama ce, na saba in na ba yaro sifiri in nuna masa inda ya kuskure. Don haka na zo ka nuna mini.

Na shiga ɗakinku, ban musa ba. Na shiga da tsintsiya da turare, kamar yadda uwa ke shiga. In wannan ya dame ka, bakinka ciwo yake? Mako uku muna gaisawa safe da yamma. Kalma ɗaya ta isa: "Mama, ki daina." Wallahi da na miƙa maka lakilen a take. Ranar tafiya na tambaye ka da bakina, ka ce babu komai. Abin da ka ji kunyar faɗa wa tsohuwa ɗaya a ƙarƙashin mangwaro, shi ka faɗa wa duniya ba kunya. Wace irin kunya ce wannan?

Sannan ka ji tsoron Allah a kan sauran. Ka taɓa ganin ƙura a ɗakin nan? Ka taɓa kwana cikin zafi ban tada gurup ba? Wanda zai karanta a Dakar ko Abidjan bai san ni ba, bai san ka ba. Tauraro ɗaya a tsabta zai gani ya ce gidan ƙazama ce. Wannan shaidar zur ce, ko a waya aka yi ta ko a gaban alƙali. Kai ka rubuta ka wuce, gobe ka sauka wani gida da taurari biyar ɗin da na ba ka. Ni kuwa a nan zan zauna da naka.

Ban ce ka yabe ni ba. Ka cire, in akwai magana ka zo ka faɗa mini a fuskata, zan saurara.

Ka gaida Nafissa, Allah ya ƙara mata lafiya.

Wadda ta riƙe ka ranar sunanka,
Halimatou

Agadas
17 ga Mayu

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Na karanta saƙonki sau da yawa. Inna ba ta taɓa yi mini maganar sharhin nan ba, daga gare ki na fara jin ƙorafin. Tun da kin ce in faɗa a fuskarki, ga shi, ki gafarce ni in ya yi ɗaci.

Nafissa ba ta da ciki. Maganin haihuwa muka je nema, karo na uku ke nan. Alluran da kika gani na shirin ne, su ne ke sa ta tashin zuciya da barci. Mun tsallake gidan Kawu mun kama haya ta waya ne don abu ɗaya: ƙofar da za mu rufe, in an dace mu yi murna, in ba a dace ba mu yi kukanmu ba mai kallo. Da na gan ki a bakin ƙofa na so mu juya, kunya ta hana.

Kin ce ban faɗa ba. Mama, na faɗa iyakar yadda ɗa zai iya. Sau nawa na ce kada ki wahalar da kanki? Ta yaya zan kalli aminiyar mahaifiyata in ce "kada ki shigo"? Kullum muka dawo muka ji ƙamshin turare, sai Nafissa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "An shiga."

Ranar Litinin ta ƙarshe lokotoro, likitan da ke duba ta, ya ce ba a dace ba. A daren jini ya zo mata. Zanen gadonki fari mai bakin shuɗi, ni na naɗe shi na kai juji can unguwar Lazaret, don mun san da safe za ki shigo ki gani. Ki yafe mini shi.

Washegari wayarta ta fara ƙara. Gwaggo Mariyam ce ta fara: "Allah ya raba lafiya, amaryarmu." Sai ƙannena, sai matan Kawu, sai mutanen da ba ta ma da lambarsu. Har hoton rago aka turo mata. Tana kwance tana zubar da jini tana amsa "amin." Tun daga ranar ba ta ɗaga wayar kowa a danginmu.

Maganar tsabta da unguwa, kin fi ni gaskiya. Cikin fushi na danna ɗaya a ko'ina, zalunci ne, ina neman gafara. Na tambayi masu dandalin ko zan gyara, suka ce ba a gyarawa, sai dai a cire duka ko a bar duka. Na yi ta juya abin. In na cire, wata mai irin lalurar Nafissa za ta ga taurari biyar ta zo ta sauka.

Shigar ma zan iya cewa ƙauna ce. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kai labarin. Na tambayi Inna, ta rantse mini da Allah ba ta tambaye ki komai ba. Ta ce ke kika aiko mata haka kawai, ta ce, "Ka san ta, tun muna 'yan mata bakinta ba ya riƙe ruwa." Mama, ke da kika san wannan ciwon fiye da kowa, me ya sa?

In akwai abin da ban sani ba, ki gaya mini. In har ba ra'ayin kanki ba ne, yau ɗin nan zan cire sharhin in zo Yamai in durƙusa. In kuwa yadda Inna ta faɗa ne, ki yi haƙuri, zai zauna.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
Abdoulkarim

Birni, Damagaram
21 ga Mayu

Halimatou,

Salamu alaikum. Hamidu ya kawo mini 'yar takardarki da abin da kika kwafo daga maganar yaron nan. Ko gaisuwa ba ki sa ba. Na cancanta.

E, na faɗa. Ya kira ni da muryar da ban taɓa jin ya yi mini ba, ya ce, "Inna, ke kika sa a yi mana leƙen asiri?" Na tsorata. Rantsuwar fita ta yi kafin in kama ta. Na yi azumin kaffara, Allah shaida.

Ina roƙonki don Allah, don Annabi, don gishirin da muka ci tare, kada ki gaya masa. Matarsa ta riga ta rufe mini ƙofa. Shi kaɗai ya rage yana kirana ranar Jumma'a, a taƙaice, kamar mai biyan farilla. In ya san ni na sa ki, kuma na rantse masa a kan ƙarya, shi ke nan na rasa shi. Ko Allah ya ba su haihuwa ba zan ga jikan ba.

Ke me za ki rasa? Taurari. Ɗaki ne, yau a rufe gobe a buɗe. Ya yi fushi da ke, to sai me, a shekara sau nawa kuke haɗuwa? Ke ba ki san zafin ɗa ya juya wa uwa baya ba, Halimatou, ba ki taɓa ɗaukar wata tara ba. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa naki.

Zan sa 'yan'uwa su riƙa sauka wurinki in sun je Yamai, kowa ya ba ki biyar.

Ƙawarki mai neman afuwa,
Safiatou

Yantala, Yamai
24 ga Mayu

Hajiya Safiatou,

Wa alaikumus salam. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Ki kwantar da hankalinki. Na amsa masa jiya. Na ce, "Babu abin da ba ka sani ba. Ka bar sharhin." A ƙarƙashinsa kuma na rubuta inda kowa zai gani: "Baƙon nan gaskiya ya faɗa, na shiga. Yanzu lakile biyun duka baƙo ake ba." Na aika wa Nafissa neman gafara dabam, ba ta amsa ba, ban kuma ga laifinta ba.

Kada ki gode mini, ba don ke na yi ba. Yaron ya rasa abin da ya je nema, ba zan ƙara masa da rashin uwa ba. Ban ɗauki wata tara ba, gaskiyarki, amma wannan na ɗauka.

Kada ki turo mini danginki da taurarinsu. Man shanunki na mayar wa Hamidu, na kuma ce masa ya huta da takardunmu.

In kin zo Yamai ganin likitan gwiwa, ɗakin yana nan, yanzu ba ya wuyar samu. Ki kama ta waya kamar kowa. Zan miƙa miki lakile biyun a bakin ƙofa, ba zan shigo ba.

Allah ya sa mu gama lafiya.

Mai masauki, Gidan Mangwaro,
Halimatou